Wanda Ya Ɗauki Bashin Djibrilla

Djibrilla mahauci ne a unguwar Albarika ta Parakou, amma ba gadon fawa ya yi ba. Gidansu a Djougou gidan fatake ne, irin waɗanda kakanninsu suka yi safarar goro da jakuna, kuma tun da aka kafa gidan ba a taɓa samun wanda ya riƙe wuƙa don neman abinci ba sai shi. Da mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Alhaji Hassoumi, ya ajiye shi a sito yana auna yazawa da masara. Ba albashi, sai ɗinkin sallah da faɗa. Da ya gaji ya ɗauki jakarsa ya shiga motar Parakou, ya yi wa mahauta hidima har ya kafa nasa tebur. Teburin ba wani babba ba ne, amma nasa ne, ba wanda ke tsaye a kansa yana tambayar inda ya je jiya. Duk shekara idan ya je gaisuwar sallah, Alhaji sai ya kama hannunsa ya shinshina, ya ce har yanzu ƙarnin bai fita ba, kuma sikeli yana nan yana jiran mai shi. Djibrilla ya yi dariya ya koma abinsa.

Sana'ar tasa a kan magana take tafiya. Makiyaya su ba shi sa ba tare da ya ajiye ko dala ba, ya yanka ya sayar, kasuwa mai zuwa ya kai kuɗi. Ba takarda, ba shaida. Wanda ya fi ba shi dabba wani dattijo ne na dajin Kolokondé, kowa Ardo yake ce masa. Ranar da Ardo ya daina yarda da bakinka, to teburinka ya zama katako kawai.

Cikin zafin bazara firizarsa ta mutu da nama a ciki. Ya zubar da naman, mai gyara kuma ya faɗi kuɗin da ba shi da su. Matarsa Hamida ta ce ko zai kira Baffa, wato Alhaji Hassoumi. Ya ce gara ya sayar da wandonsa. Wani abokin sana'a ne ya nuna masa bashin waya: ba mai tsaya maka, ba gaisuwa, ba wanda zai sani, kuɗi su shigo kafin ka gama shan shayi. Wannan "ba wanda zai sani" shi ya kama zuciyar Djibrilla.

Wayar ta yi ta jero masa tambayoyi da Faransanci. Shi kuwa Faransancinsa na bakin tebur ne, kilo da rabin kilo da canji. Duk inda ta tsaya sai ya danna koren wuri, ta ci gaba. Daga ƙarshe ta nemi hotonsa. Nan ya ce a dakata. A gidan da ya tashi ba a zuwa gaban mai kuɗi da rigar aiki, balle rigar da jini ya taɓa. Ya yi wanka, ya sa Hamida ta fito masa da farar shaddarsa ta sallah, ya kafa hula, ya ɗauko tazbaha ya rataya a hannu, ya jingina da bango ya ɗaure fuska irin ta mutumin da ba ya cin amana. Hamida ta ɗauki hoton tana cewa ya yi kama da mai neman kujerar depite a majalisa. Kuɗin suka shigo. Duka-duka ba su kai kuɗin rago ba.

An gyara firiza, amma kasuwa ta yi sanyi, kwanan biya ya zo ya wuce. Kuɗin suka fara haihuwa. Kamfanin da ya ba shi bashin ya miƙa sunansa ga wani kamfanin, wanda ba shi da aikin yi a duniya sai bin bashi. Da farko wata mace ce ke kira, mai muryar zuma, tana ce masa Mushe Djibrilla, wato Malam a bakin Faransanci, tana tambayar lafiyar iyali. Da zuma ba ta yi ba aka sauya masa namiji. Wannan yana jin Hausa, yana jin Dendi, kuma ba ya barci. Ya kira yana tsakiyar fiɗa, ya kira yana alwala. Sai ya koma kiran Hamida. Sai telan da ya ɗinka shaddar. Ranar da limamin unguwa ya tsayar da shi a bakin masallaci ya ce wani ya ba shi saƙo gare shi, Djibrilla ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Ya kira mutumin da kansa.

"Kai, wa ya ba ka lambar limami?"

"Kai ka ba mu, Mushe, da yatsanka."

"Yaushe muka haɗu da kai?"

"Ranar da ka danna kore. Duk wanda ke cikin wayarka yana wurinmu. Akwai wani Baffa Djougou ma. Ko shi za mu gaishe maka?"

Djibrilla ya zage shi zagin mahauta, ya kashe wayar, ya zare sim ya jefa cikin gwangwanin shayi. A tunaninsa wanda ba ya samun ka ba zai iya yi maka komai ba. Ya sa Hamida ta kashe tata ita ma, ta tafi wurin iyayenta a Titirou ta huta da kira. Ya rufe tebur, ya shiga mota zuwa Kolokondé. Dama akwai sauran kuɗin sa da Ardo ke bin sa, ya ce gara ya je da ƙafarsa ya yi bayani ya karɓo wani, ya sayar ya rufe bakin mai kiran.

Bai sami Ardo a ruga ba, an ce ya kai garke wani rafi. Ya zauna jiransa a gidan wani manomin doya, inda ba rezon waya, ba kira, ba kowa. Rabonsa da barci mai daɗi irin wannan tun firiza na da rai.

Ranar kasuwar Kolokondé da la'asar ya hango Ardo a gindin kuka, zaune, ya zuba tagumi. Ya yi masa sallama. Ardo ya ɗago, ya tashi tsaye, ya ja da baya har sandarsa ta faɗi. Ya daɗe yana kallon ƙafafun Djibrilla, don ya tabbatar suna taɓa ƙasa. Sannan ya zaro waya daga aljihu ya miƙa masa daga nesa.

Hoton nan ne. Farar shadda, hula, tazbaha, ɗaurarriyar fuska. An zagaye shi da baƙin layi, a sama an yi manyan rubutu da ja, a ƙasa ga sunansa, ga kwanan wata, ga lambar waya. Ko shi da ya san yana da rai, sai da gabansa ya faɗi. Irin wannan hoto kowa ya san shi. Mutum cikin kayan sallah, baƙin layi da kwanan wata, ai shi ake turawa idan an yi rashi. Wa zai tsaya neman mai karanta Faransanci alhali ga abu a fili?

Ardo ya ce tun safe hoton ya shigo, duk wanda ya san Djibrilla a kasuwar nan ya samu. An kira wayarsa, a kashe. An kira ta matarsa, a kashe. An tambayi mahautan Parakou, suka ce tebur ya kwana biyu a rufe. Ardo ya ce shi har ya yi masa addu'a, ya kuma yafe masa sauran kuɗin sa a gaban mutane.

"Allah ya saka da alheri, Ardo."

"Tsaya tukuna. Mamaci na yafe wa."

"Ai ni ne mamacin."

"To ka koma ka kwanta mu gani."

Suka yi dariya, amma ta Ardo ba ta kai ciki ba. Ya ce su bar maganar kuɗin, ai an ce a Djougou an riga an yi magana a kansu. Gara ya hanzarta, don an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu.

Djibrilla ya hau zemijan, mai babur ya yi ta faɗawa ramuka har Djougou. Tun daga bakin layi ya ga takalma birjik. Bai san yana da mutane haka ba. Gwaggo Uwa, yayar mahaifinsa, wadda ita ta fara ganin hoton ta ƙwalla ihun da ya tara unguwa, da ta gan shi sai ta zauna a ƙasa, ta tashi ta rungume shi, sannan ta rufe shi da duka da mayafinta. Maza suka yi ta salati. Wasu suka sulale, musamman waɗanda suka ci shinkafar sadaka da wuri.

Alhaji Hassoumi kaɗai bai motsa ba. Yana zaune a kan darduma ya jingina da matashi, yana jan tazbaha. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce alhamdu lillahi, a kira waɗanda aka tura Parakou ɗauko gawa su juyo, kada a ƙona mai a banza.

A zaure aka ba Djibrilla labarin abin da ya faru a bayan ransa. Al'adar gidan ce, kamar ta kowane gidan mutunci, ba a barin mamaci da nauyi. Bayan sallar azahar, tun kafin gawa ta iso, Alhaji ya miƙe a masallaci gaban jama'a ya ce duk wanda ke bin ɗan yayansa Djibrilla bashi, babba ko ƙarami, ya zo wurinsa, ya ɗauke masa, daga yau yana wuyansa. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Kuma ba baki kawai ya yi ba. Kafin la'asar ya aika wa Ardo cewa kuɗin sa suna hannunsa, ya biya wani mai kayan miya, ya biya wasu mutum biyu da Djibrilla ya rantse bai taɓa ganinsu ba. Ya kuma kira lambar da ke ƙasan hoton ya biya masu bin bashin, da uwar kuɗi da 'ya'yanta.

Da jama'a suka watse, Alhaji ya sa aka kira shi.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Baffa."

"Shinkafar sadakarka ce. Ta yi gishiri?"



"Kuɗin rago," in ji Alhaji. "Ɗan gidan nan ya je ya sa babbar riga ya roƙi waya kuɗin rago. Kakanka ya ba sarakuna bashi. Da bashin kamyo goma, manyan motocin kaya, aka kama ka da shi, da na fita da kaina a sama."

"Zan biya ka, Baffa. Ka ba ni kasuwa kaɗan."

"Wa ya ce ka biya? Ni na tambaye ka? Gaban Allah na ɗauka, gaban mutane. Sai dai ga kakar yazawa ta zo, idona kuma ba ya ganin sikeli."

Djibrilla ya ce zai yi shawara. Washegari ya koma Parakou, ya ɗauko Hamida, ya zaro sim daga gwangwanin shayi. Ba wanda ya ƙara kira daga kamfanin. Wannan shirun ya fi masa kiran ciwo.

Cikin masu sayen namansa akwai wata Madam Fatimatu Zahra, babbar mace mai tabarau, tana aiki da wata ƙungiya mai kare haƙƙin masu saye. Hanta take saya duk mako, kuma sai ta sa an sake aunawa. Ita ma hoton ya shigo mata, amma ita ta karanta. Ta ce rubutun ba mutuwa yake faɗa ba, cewa yake wannan mutum ya ci kuɗin mutane ya ɓuya, duk wanda ya san shi ya gaya masa ya biya. Ta ce abin da suka yi doka ta hana. Bashi tsakaninka da wanda ya ba ka ne. Ba su da ikon gaya wa limami ko tela, ba su da ikon raba hotonka, ba su da ikon kira ba dare ba rana. Danna kore da ka yi ba shi ke nufin ka sayar musu da mutanenka ba. Ta ce kada ya goge komai, akwai hukuma a Kotonu da aikinta ke nan, ita za ta rubuta masa ƙara.

Djibrilla ya saurara har ƙarshe, ya ƙara mata ƙoda a kan hantar. Sannan ya tambayi abin da ke damunsa.

"Madam, dokar nan ta ku, tana kama baffa?"

"Baffa kamar yaya?"

"Idan shi ne mai bin bashin."

Ta tambaye shi ko Baffan ya kira shi yana barazana. A'a, ko sau ɗaya bai ambaci kuɗi ba. Ya raba hotonsa? A'a. Ya kwashi lambobin mutane daga wayarsa? Djibrilla ya ce Baffa ba ya bukatar wayar kowa, duk wanda ke cikinta ko dai Baffa ne ya raɗa masa suna ko ya taɓa ba ubansa jari. Madam ta gyara tabarau ta ce to wannan ba sashensu ba ne.

Baffa kuwa, gaskiya, bai taɓa neman kuɗinsa ba. Gaisuwa kawai yake yi. Kullum bayan asuba ya kira ya tambayi yadda mamaci ya kwana. Wannan kiran ba a kashe shi, ba a zare masa sim. Duk ɗan Djougou da ya sauka a tashar Parakou sai ya biyo ta teburin, ya tsaya ya ce ikon Allah, ya ba masu sayen nama labarin yadda Alhaji ya miƙe a masallaci. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, labarin ke nan, kuma kowane zagaye kuɗin ƙaruwa suke. Da aka kwana biyu sun kai kuɗin gida. Djibrilla ya haɗa abin da ya samu ya aika Djougou ta hannun direba. Direban ya dawo masa da su tare da ƙullin goro, da saƙon cewa ba a mayar wa mutum da ladansa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya shi shanu ne. Da ya koma wurin Ardo neman sa, Ardo ya tarbe shi da nono, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ba komai tsakaninsu. Sai dai yanzu kowa ya san bashin Djibrilla a wuyan Alhaji yake, don haka ladabi shi ne a tambayi mai wuyan. Ya hau tudu inda ake samun rezo ya kira. Da ya sauko ya ce Alhaji na gaishe shi. Alhajin ya ce shi bashin mamaci ya ɗauka, wanda aka ci kafin azahar ɗin ranar nan. Na mai rai kuwa bai san da shi ba, kuma bai ce a ba shi ba, bai ce a hana shi ba. Ardo ya ce shi Bafillace ne, ya ji abin da aka faɗa. Haka aka yi a kasuwar Parakou, haka aka yi a sauran kasuwannin shanu. Kowa ya yi masa barka da dawowa duniya, ba wanda ya kwance masa igiya.

Ya ɗan yi ta sayen cinya da haƙarƙari a hannun mahautan da a da su ke saye a hannunsa. Ribar ba ta biyan wutar firiza. Ranar da Hamida ta auna garin da ya rage ta dube shi, ya wanke wuƙaƙensa, ya shafa musu mai, ya naɗe su a tsumma. Firizar da ta jawo komai ya sayar wa mai ƙanƙara.

Yana cikin kakar yazawa a Djougou, tsaye bakin sikelin da ya gudu ya bari, Madam Fatimatu Zahra ta kira shi da murna. Sun ci nasara. An ci kamfanin tara, an umarce su su goge lambobin da suka kwasa, kuma su nemi gafararsa a gaban duk wanda suka tura wa sharrin. Ta ce ba kowa ke samun irin wannan hukunci ba, za su riƙa ba da misali da shi a taro. Ya yi mata godiya sosai, don matar ta yi ƙoƙari.

Kamfanin ya cika umarni. Kafin su goge lambobin suka tura wa kowa takardar ban haƙuri. Don kada a rasa gane wanda ake nufi, suka sa hotonsa a sama. Hoto ɗaya suke da shi.

Daga cikin gida aka ji Gwaggo Uwa ta fasa kuka. Sai da aka riƙo hannunta aka kawo ta ƙofar sito ta gan shi yana ɗaga buhu.

Alhaji Hassoumi yana zaune a inuwa da dattawan layi. Wayoyinsu suka yi ƙara kusan tare. Ya ce su kwantar da hankali. Ya ɗaga tasa, ya miƙar da hannu, ya karanta saƙon daga farko har ƙarshe da Faransanci, ba tuntuɓe, ba tsayawa, sannan ya juya musu shi da Hausa, har da inda kamfanin ya ce yana mutunta sirrin abokan hulɗarsa. Dattawa suka ce madalla, gaskiya ta yi halinta.

Djibrilla ya sauke buhun a hankali. Ya tuna lambar da ke ƙasan hoton farko, da yadda aka san ta biyan kuɗi ce tun kafin la'asar.

"Baffa, ashe kana karanta Faransanci?"

"Shekara nawa ina ƙetare iyakar Togo da kaya? Kai za ka karanta mini takardun duwan na 'yan kwastan?"

"To ranar nan fa?"

Alhaji ya mayar da wayar aljihu, ya ɓare goro ya jefa rabi a baki.

"Ranar nan hawaye ya cika mini ido," ya ce. "Duba sikelin da kyau, buhun nan bai cika ba."